Yadda Ake Tsara Tafiya Zuwa Tsibiran Tekun Indiya

Hoton farin yashi da shuɗin ruwa da ake gani a intanet gaskiya ne, amma an ɗauke shi ne a wani wata na musamman, a wata gaɓa ta musamman, kuma a daidai lokacin da teku ta cika. Wanda ya sayi tikiti don hoto kawai yana iya sauka ya tarar da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Saboda haka kafin ka zaɓi tsibiri, fara da watan da kake da hutu.

Idan hutun ya faɗo tsakanin Disamba da Afrilu, Maldibs ce kan gaba, domin lokacin ranin ta ke nan, teku a kwance, ruwa garau, amma kuma kuɗin masauki ya kai ƙololuwa. Daga Yuni zuwa Oktoba Zanzibar ta fi daɗi, iska mai sanyi, ba ruwan sama sosai. Kada ka nufe ta daga Maris zuwa Mayu, babbar daminarsu ce, wasu otal-otal ma rufewa suke yi. Morishas kuwa tana kan hanyar guguwa, mafi haɗari daga Janairu zuwa Maris. A Seshel iska na kaɗawa daga kudu maso gabas tun Mayu har Satumba, ta hargitsa teku, ta kuma tara ciyawar ruwa a gaɓoɓin da ke fuskantarta.

Bayan wata sai gaɓa, kuma nan ne aka fi yin kuskure. A Zanzibar teku na cika tana janyewa sau 2 a rana, bambancin tsayin ruwan na kaiwa kusan mita 4 a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. A gabas, wato Paje da Jambiani, ƙasar teku shimfiɗaɗɗiya ce, idan ruwa ya janye sai ka yi ta tafiya a ƙafa bai wuce idon sawu ba. Abin kallo ne, mata na kiwon ciyawar ruwa a kan turaku da igiyoyi, amma ba wurin iyo ba ne a wannan sa'ar. Mai son shiga ruwa duk sa'ar da ya ga dama ya kama ɗaki a Nungwi ko Kendwa, can arewa, inda gaɓar ke da gangara. Jadawalin cikar teku yana nan kyauta a intanet, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kullum, don haka na jiya ba zai yi maka yau ba. Ka sa takalmin roba mai rufe ƙafa: akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya a tsakanin duwatsu, ƙayarta na karyewa cikin nama.

Sai batun isa masauki daga filin jirgi, wanda a Maldibs shi ke cinye kuɗi ba zato. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200, babban filin jirgin Velana kuma yana kusa da Male, babban birni. Otal na kusa ana zuwa da kwale-kwale mai inji. Na nesa galibi sai da jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda da rana kawai yake tashi. Idan jirginka ya sauka da yamma liƙis, to kwanan Male ya kama ka, ga kuɗin daren farko na otal ɗin can ya riga ya tafi. Ka tambayi kuɗin wannan jigilar a rubuce kafin ka biya komai, ka kuma tambaya ko farashin ɗaki ya haɗa da haraji da kashi 10 cikin 100 na hidima. Mai ƙaramin ƙarfi ya nufi tsibiran da jama'a ke zaune, irin su Maafushi, inda ƙananan masaukai ke da yawa. Ƙasar Musulmi ce, ba a shigo da giya ko naman alade, kuma yawancin jiragen ruwan haya na gwamnati ba sa aiki ranar Juma'a.

A Seshel abin ya fi sauƙi: awa 1 a jirgin ruwa daga Mahe, babban tsibirin ƙasar, zuwa tsibirin Praslin, minti 15 daga nan zuwa tsibirin La Digue. Mai saurin jiri ya sha magani kafin a tashi, ya zauna ta baya.

Kada ka ƙarar da kwanakin duka a kan yashi. Kwana 2 a Stone Town, tsohon birnin Zanzibar da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ba su yi yawa ba: lunguna ne matsattsu, da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Akwai gonakin kanumfari da kirfa a bayan gari, da dajin Jozani mai jajayen birai. A Praslin, kurmin Vallée de Mai ne gidan kwakwar nan da ƙwallonta ya fi na kowace bishiya girma a duniya. A Morishas kuma akwai ƙasa mai launi 7 a Chamarel.

Fasfo ya kasance da saura wata 6 aƙalla. Mai fitowa daga ƙasar da ake samun cutar shawara (yellow fever) ya riƙe katin rigakafi, ana tambaya. Maldibs na son ka cike takardar bayanan matafiyi ta IMUGA a intanet cikin awa 96 kafin sauka, Zanzibar kuma tun Oktoban 2024 ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya tata.

A cikin ruwa, idan ka ji igiyar ruwa na janka zuwa tsakiyar teku, kada ka yi kokawa da ita, gajiya ce ke nutsar da mutum. Yi iyo a gicciye, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga jan, sannan ka juyo tudu. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska kuwa ya bar aƙalla awa 18, gara ma 24, kafin ya hau jirgin sama, har da ƙaramin nan mai sauka a kan ruwa, domin iskar da ta narke a jini na iya yin kumfa idan an yi sama.