Yadda za ka fassara kalmar dimokuraɗiyya a wurin taro

Idan aka ba ka aikin tafinta a Garwa ta ƙasar Kamaru ko Njamena, babban birnin Chadi, ka fara sanin asalin kalmar. Daga Girkanci ta fito: "demos" na nufin jama'a, "kratos" kuwa iko. Faransanci da Larabci, harsunan gwamnatin Chadi, duk aro suka yi, kamar yadda mu ma muka aro. Sinawa kuwa sun haɗa kalmominsu biyu suka ce "minzhu", wato jama'a ce mai iko, kuma wannan hanya ta fi kwanta mini a rai. Saboda haka, idan dattawa ne a gabanka, ka ambaci kalmar aron sau ɗaya, sannan ka biyo ta da "mulkin jama'a", domin shi kunnensu zai fi saurin kamawa.