Ƙishirwar Gona da Yunwarta: Abin da Bincike Ya Gano da Yadda Manomi Zai Gwada da Kansa

Idan aka tambayi manomin Adar abin da ya hana rumbunsa cika, amsar da zai fara bayarwa ita ce ruwa, kuma yana da gaskiya, domin a kewayen Tawa ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma duk yana sauka ne cikin wata uku zuwa huɗu. Amma kowane ɗalibi a wannan aji ya san gonaki biyu da hadari ɗaya yake shayarwa, ɗaya a bayan gari inda ake zubar da toka da kashin awaki, ɗaya kuma can cikin jigawa inda ba a taɓa kai taki ba, ya kuma san cewa da kaka damman da ake ɗaurewa a ta farko sun fi na ta biyu nesa ba kusa ba. Ruwan sama bai bambanta su ba, abin da ke cikin ƙasa ne ya bambanta su.

Wannan bambanci ne masu binciken aikin gona suka daɗe suna bi. A ƙasarmu Nijar akwai cibiyar binciken aikin gona ta gwamnati, INRAN, wadda aka kafa a shekarar 1975, akwai kuma tashar ICRISAT, cibiyar duniya mai binciken noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, da ke Sadore, kimanin kilomita 40 kudu da Yamai. Hanyar aikinsu ba ta da wani sirri. Sukan raba fili zuwa ƙananan fegi masu girma ɗaya, su shuka iri ɗaya a rana ɗaya, su canja abu guda tak tsakanin fegi da fegi, sannan su auna abin da kowanne ya bayar a ma'auni, su kuma maimaita gwajin shekara da shekaru kafin su yanke magana.

Yunwar ƙasa

Babban abin da gwaje-gwajen suka nuna shi ne, a ƙasar rairayi irin tamu, rashin abinci a cikin ƙasa yakan tauye hatsi tun kafin rashin ruwa ya tauye shi. Sinadarin da ya fi ƙaranci shi ne fosfor, sannan azot ya biyo baya. Fosfor shi ne yake sa saiwa ta yi sauri ta nutse. Hatsin da bai same shi ba yakan tsaya ƙanƙane bayan tsiro, ya ƙi yin ƴaƴa a gindi, saiwarsa ta tsaya a sama-sama, har ruwan da Allah Ya saukar ya wuce ta ƙarƙashinta ba ta sha ba. Don haka ne gonar da ta gaji take fara yin yaushi idan aka yi kwana goma babu ruwa, alhali maƙwabciyarta mai taki tana nan kore.

Dalilin gajiyar ƙasa ba ɓoyayye ba ne. A da, iyayenmu sukan bar gona ta huta shekaru, makiyaya kuma su kwana da garkensu a cikinta da rani. Yanzu jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke, ana noma fili ɗaya kowace damana, a kwashe zangarniya, a kwashe kara, ba a mayar da kome ba. Abin da ake samu a hekta guda na hatsi a Nijar, idan aka haɗa gonakin ƙasa duka aka raba, bai cika wuce kilo 500 ba, alhali irin da ake shukawa yana iya ba da fiye da ninkin haka idan ya ƙoshi.

Watsa takin zamani a faɗin gona ya fi ƙarfin aljihun yawancin manoma, shi ya sa masu bincike suka gwada sa shi kaɗan-kaɗan a gindin shuka. Ƙa'idar da suka fitar ita ce giram 6 na takin NPK 15-15-15 a kowane rami, wato kimanin cikin marfin kwalbar lemo, ko kuwa giram 2 na takin DAP, wato abin da yatsu uku suke ɗauka. Ga lissafin, kuma ya kamata kowa ya yi shi da hannunsa a littafinsa. Idan tsakanin rami da rami mita ɗaya ne ta kowane gefe, hekta guda tana ɗaukar rami 10,000. Giram 6 sau 10,000 ya zama kilo 60 na NPK, giram 2 sau 10,000 kuwa kilo 20 ne na DAP, wanda bai kai rabin buhu ba.

A nan akwai hattara da bai kamata a yi wasa da ita ba. Takin zamani gishiri ne, kuma idan ya taɓa ƙwayar iri a cikin ƙasa marar isasshen laima yakan ƙone ta. Saboda haka a jefa takin a gefen ramin, a tura ƴar ƙasa a kansa da ƙafa, sannan a zuba iri. Wanda ya yi binne kafin ruwa ya sauka gara ya jira sai shuka ta tsiro, ƙasa kuma tana da laima, sannan ya tona ɗan rami a gefen gindi ya sa takin ya rufe.

Ra'ayina a kan wannan dabara shi ne tana da amfani ƙwarai, amma ba ta gyara ƙasa ita kaɗai. Hatsin da ya yi ƙarfi saboda ɗan takin da aka sa masa zai ƙara tsotse abin da ya rage a gonar, kuma idan aka yi shekaru ana haka ba a mayar da kashin dabbobi ko ruɓaɓɓen ganye ba, ƙasar za ta ƙara lalacewa. Dogon gwajin da aka yi a Sadore ya nuna cewa fegin da ya fi ba da amfani shi ne wanda aka haɗa masa takin zamani da karan hatsi da aka bari a kwance a kansa. Karan yana tare rairayin da iska ke kwasa a farkon damana, yana kama ƙurar hunturu mai ɗauke da abincin shuka, yana kuma rage zafin ƙasa a kan ɗanyen tsiro. Na san cewa kara yana da masu nemansa da yawa: dabbobi suna ci, ana yin darni da shi, mata suna hura wuta da shi, kuma da rani kuɗi ne a kasuwa. Ba za a ce wa mai iyali ya bar shi duka ba. Amma ko da wani kashi ne, a zube shi a wuraren da suka fi tsiraici a gonar. Yankinmu yana kuma da dutsen fosfat na Tawa mai ɗauke da fosfor, wanda ake niƙawa ya zama gari. Ba ya narkewa da sauri kamar takin buhu, don haka ya fi amfani idan aka cuɗa shi cikin ramin takin gida ya ruɓa tare da shi.

Fako da tassa

Matsalar fako dabam ce. A nan ƙasa ta daskare, ruwa yana sauka ya gudu ya tafi da ɗan abin da ya rage, ya je ya yanka kwazazzabo a gonar wani. A shekarar 1989 wasu manoman Illela sun ziyarci yankin Yatenga na Burkina Faso, inda manoma irin su marigayi Yakuba Sawadogo suka inganta tsohuwar dabarar haƙa ramukan shuka, wadda a nan muke kira tassa. Da suka dawo suka gwada, kuma damanar 1990, wadda ta zo da fari, ita ce ta gamsar da masu shakka, domin gonakin tassa sun ba da hatsi a inda na kusa da su suka ƙone. Daga baya har saye da sayar da fako aka riƙa yi a yankin, filin da a da ko kyauta ba mai karɓa.

Ana haƙa tassa da rani. Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 20, tsakaninsu kuma kusan mita ɗaya, a jera su a karkace yadda ruwan da ya tsere wa layin sama zai faɗa a na ƙasa. Ƙasar da aka tono a tara ta a gefen gangare, kada a tara ta a gefen da ruwa yake fitowa, domin wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa ga masu farawa. Sai a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu tun kafin ruwa. Duk wanda ya duƙa ya tona ramin bayan ƴan makonni zai ga gara ta shiga takin, ta huda ƙasar da ƙananan hanyoyi har ƙasa, kuma ta waɗannan hanyoyi ne ruwan farko yake nutsewa maimakon ya kwanta ya bushe. Aikin yana da nauyi, yakan ci awa 300 ko fiye a hekta guda, don haka ya dace da gayya, ko a riƙa gyara yanki-yanki kowace shekara. A jigawa kuwa tassa ba ta da amfani sosai, saboda iska da ruwan farko suna cike ramukan da rairayi.

Itatuwa ma suna cikin maganin. A kwarin Majiya an fara dasa layukan bedi don tare iska tun 1975, a Maraɗi kuma sassaben zamani ya bazu tun daga shekarun 1980, inda manomi yake barin tohon kalgo, sabara ko gawo, ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya sare sauran. Gawo ya fi su duka, tunda yana zubar da ganyensa da damana, ba ya yi wa hatsi inuwa, dabbobi kuma suna taruwa a gindinsa da rani su bar taki.

Iri da lokacin shuka

Masu binciken yanayi sun ɗauki damana ta kama idan aka sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba a cikin watan da ya biyo baya. Manomi ba ya ganin watan gaba, amma yana iya auna na yau, kuma yayyafin da bai kai haka ba yakan ci iri kawai. Idan damana ta makara, iri mai saurin nuna kamar HKP, ko Chakti da aka fitar a Nijar a 2018, ya fi aminci. Gonar da ƙuduji ya kama kuwa a juya ta da wake, a kai mata taki, a kuma tuge ƙudujin kafin ya yi fure, domin gindi ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyi da suke daɗewa a ƙasa shekaru.

Gwajin da za mu yi a bana

Ƙasar Buza ba ita ce ta Madawa ba, ta Sadore kuma ba ita ce taku ba, don haka kada ku karɓi abin da ke cikin wannan littafi sai kun gwada. Kowane ɗalibi, namiji ko mace, ya zaɓi wuri a gonarsa ko gamanarsa inda ƙasar take iri ɗaya, nesa da itace da suri, ya auna fegi huɗu da igiya, kowanne mita 10 a tsaye da mita 10 a kwance, wato rami 100. Na farko a shuka shi yadda aka saba. Na biyu a sa masa takin gida, tafin hannu guda a kowane rami. Na uku a sa masa giram 6 na NPK a kowane rami, wanda duka giram 600 ne. Na huɗu a haɗa masa su biyun. Iri ya zama ɗaya, ranar shuka ɗaya, ranar cira da noman firi da maimai duk ɗaya, domin idan aka nome wani fegi aka bar wani, gwajin ya ɓaci kuma ba za a san abin da ya kawo bambanci ba.

A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen gefe a fili, a auna zurfin ruwan da ya taru a ciki da abin awo bayan kowane ruwa, a rubuta kwanan wata da adadin milimita. Da kaka a yanke kowane fegi dabam, a sussuke dabam, a auna da tiya. Tiyar hatsi tana kai kimanin kilo biyu da rabi, kuma tunda fegin kashi ɗaya ne cikin ɗari na hekta, kowace tiya da ya bayar tana nufin kilo 250 a hekta. Sai a rubuta kuɗin takin da aka saya a gefe ɗaya, kuɗin ƙarin hatsin da aka samu bisa farashin kasuwar garinku a ɗaya gefen. Gona ɗaya ba ta isa shaida ba, don haka malamin aji zai tattara sakamakon kowa a kan allo, a gayyaci malamin gona na gunduma ya duba tare da mu, sannan a maimaita gwajin a damana mai zuwa a fegin nan guda huɗu ba tare da an canja musu wuri ba.