Babi na 6: Tukunyar Girki da Jinin Yara

Darasi na 1: Ku duba tukunyarku

Iyaye mata, kowacce ta ɗauko tukunyar da take yi wa yara miya ta shafa cikinta da hannu. Idan mai kauri ce, da kaushi da ƙananan ramuka a jikinta, ta zubi ce. Maƙera ne ke narkar da tsofaffin ƙarafan da 'yan gwangwan ke tarowa, irin su gwangwanin lemo da sassan injin mota da lagireto, su zuba su zama tukunya. Wasu daga cikin waɗannan ƙarafa suna ɗauke da gubar dalma. Ido ba ya ganinta, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma wanki ba ya fitar da ita.

Ita ce gubar da ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a shekarar 2010, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito. Ta tukunya kaɗan-kaɗan take shiga, ta taru a jiki. Tana hana jiki yin jini, tana dakushe ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana zuƙar gubar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke zuƙa. Mai juna biyu kuma tana miƙa ta ga ɗan da ke cikinta.

Darasi na 2: A juye

Ku karanta wannan darasi a hankali, ku maimaita. Tsami ne ke cin jikin tukunya ya fito da gubar: tumatir, tsamiya, yakuwa, zoɓo, lemun tsami. Kanwa ma tana cin tukunyar. Gwargwadon daɗewar abinci a ciki, gwargwadon abin da zai kwaso.

Ga yadda za a yi. Miya ta dahu, a sauke. A juye ta nan take a tukunyar ƙasa, ko kwanon gilashi, ko kula mai cikin ƙarfen da ba ya tsatsa. A rufe. A wanke tukunyar, a kife ta.

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Uwargida za ta raba tuwon dare, miyar ta yi saura, sai ta mayar da murfi ta ce ai da safe za a yi ɗumame. Miyar nan ta kwana tana cin tukunya, kuma yara ne ke karyawa da ita kafin makaranta. A juye. Ko cokali biyu ya rage, a juye. Da safe a mayar a ɗumama, a sake juyewa. Mun san akwai gajiya bayan sallar isha'i, kuma hannu ya saba da abin da ya saba. Wadda ta manta jiya ta gyara yau, ba komai.

Amma fa a daina cewa "haka muka taso muka ga iyayenmu na yi." Kwanon da za a ƙara wankewa guda ɗaya ne tak, haba! Kunun tsamiyar yaro ba a barinsa ya wuni a tukunyar zubi. Zoɓo ba a jiƙa shi a cikinta ya kwana. Ruwan tsamiya ba a ajiye shi a cikinta. Me ake yi idan abinci ya dahu? Ku faɗa da baki: a juye.

Wadda Allah ya hore wa, ta sayi ƙaramar tukunyar kamfani ta ware wa yara. Tukunyar ƙasa ma ta wadatar.

Darasi na 3: Wanki

Kada a dirje cikin tukunya da yashi, ko toka, ko soson ƙarfe har ta yi ƙyalli. Dirza tana kankare saman da ke ɗan tare gubar. Sabulu da soso mai laushi sun isa. Wadda cikinta ya zaizaye, a daina girki da ita.

Darasi na 4: Abinci da alamu

Yaron da ke da ƙarancin jini, ko mai wuni da yunwa, ya fi zuƙar gubar. A ba shi hanta, kifi, wake, ƙwai, zogale da alayyahu, a bi da lemun zaƙi ko gwaiba. Shayi yana hana jiki amfana da abincin ƙarin jini, kada a haɗa su lokaci guda.

A duba tafin hannun yaro da cikin fatar idonsa ta ƙasa. Idan sun yi fari, ga kasala, ga ciwon ciki, ga ƙin abinci, a kai shi asibiti, kamar na yara na Hasiya Bayero da ke Kano, a nemi gwajin jini, a gaya wa likita irin tukunyar gidan.

Darasi na 5: Kwalli

Kwallin dutse ma yakan ɗauki wannan guba. Kada a saka wa jariri.

Aikin gida: ku rubuta "a juye" sau 10 a littafinku.