Yadda na gano shekarun garmahon gado

Tambarin kare mai sauraron ƙaho ba ya nuna shekara. Yana nuna His Master's Voice ne kawai, sunan kasuwancin Gramophone Company, kamfanin da a da yake ƙera garmaho a Hayes, Ingila, kuma 'yan jabu ma suna manna shi.

Lambar samfuri ce ta warware mini matsalar. A ɗaga murfi, a duba cikinsa da katakon da faifai ke juyawa a kai. Idan 101 ne, an ƙera shi tsakanin 1925 da 1931. 102 kuwa daga 1931 ya fara fitowa. Sai kan da ke riƙe allura: na 101 No. 4 ne, 102 ya fara da No. 16, daga baya 5A, sannan 5B. Sai dai kada a dogara da kan shi kaɗai, don masu gyara sukan musanya shi.

A kwance sukurorin katakon a leƙa inji, amma a bari sifirin ya saki tukuna, yana yanka hannu. Injin ƙaramar garmahon akwati a cikin mai babban ƙahon tagulla alamar jabun da ake haɗawa a Indiya ne. Ramukan sukurori marasa amfani kuwa na nuna an taɓa canja injin.