Kurakuran da masu nazarin gwagwarmayar lumana suka fi yi

Kuskuren da na fi gani wajen masu fara wannan karatu shi ne ɗaukar gwagwarmayar lumana a matsayin haƙuri kawai, wato a zalunce ka, ka kama bakinka. Sam ba haka ba ne. A birnin Montgomery na Amurka, bayan an kama Rosa Parks ranar 1 ga Disamba 1955 saboda ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba wani farar fata, baƙaƙen fata sun ƙaurace wa motocin har kwana 381. Wasu suka riƙa takawa a ƙafa zuwa wurin aiki, wasu aka tsara musu motocin da za su riƙa ɗaukar su. Don haka in kana karanta wannan tarihi, kada ka tsaya kan jawaban Martin Luther King, jagoran ƙauracewar, kaɗai; bi sawun wanda ya tara kuɗin mai da wanda ya jera direbobi.

Akwai kuma masu zaton kyakkyawar niyya ta isa. Kafin ɗaliban birnin Nashville na Amurka su fara zaman dirshan a wuraren cin abincin da ake nuna wa baƙaƙen fata wariya a 1960, wani mai fafutuka, James Lawson, ya yi ta horar da su: a zage ka, a hankaɗe ka daga kujera, kai kuma ka koyi riƙe hannunka. Wanda bai gwada ba, ranar farko zuciya za ta ɗebe shi.

Matasanmu kan ce ai wannan abin Gandhi ne da Kiristocin Amurka. Su nemi labarin Abdul Gaffar Khan, Musulmin da ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar a 1929, wadda mabiyanta ke rantsuwar ba za su rama ba. A Afrilun 1930 sojojin mulkin mallaka suka buɗe wa masu zanga-zanga, ciki har da 'yan wannan ƙungiya, wuta a wata kasuwa a Peshawar, a Pakistan ta yau.

Amma kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na zaman sulhu. Dattawa sun zauna, ana gaggawar cewa "a yafe wa juna, a yi musabaha", alhali manomin da shanu suka cinye wa gona bai faɗi buhu nawa ya rasa ba, makiyayin kuma bai faɗi yadda aka nome burtali ba. An rufe ciwo da ruɓa a ciki kenan. A fara jin kowane ɓangare shi kaɗai, a je gonar a gani da ido, a ƙiyasta ɓarna, a sa ranar biya a gaban shaidu, sannan a zo ga musabaha.