Zanen tafki da fentin ruwa a bakin Tiga

In ka tambaye ni inda za ka fara koyon zanen ruwa a ƙasar Kano, Tiga zan tura ka. Dam ɗin da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ya tara ruwa iya ganinka, ga duwatsu, ga kwale-kwalen masunta. Ka fara gaida mutanen da ka tarar, ka faɗi abin da ya kawo ka, sannan ka nemi inuwa.

Kaya ba su da yawa: takarda mai kauri da ka manna a jikin katako da salatef don kada iska ta ɗauke, fensir, buroshi babba da ƙarami, tsumma, da launi huɗu, wato shuɗi, rawaya, ja da ruwan ƙasa. Ruwan wanke buroshi ka zo da abinka a gora. Kada ka tsoma ƙafa a tafkin, a irin wannan ruwa ake kamuwa da tsargiya.

Ka isa da sassafe. Awa biyu kake da su kafin inuwa ta sauya wuri, don haka ka shata ta da fensir tun farko, kada kuma ka riƙa bin ta tana gudu.

Ruwan shi ne aikin. Duk ɗan koyo hannunsa shuɗi yake fara nufa, alhali ruwan Tiga ba shuɗi ba ne, aron launi yake yi. Dubi gaban ƙafarka: launin laka ne, musamman da damina. Ɗaga ido can nesa, sai ka ga launin sama ya kwanta a kai. Saboda haka sama za ka fara shafawa, sannan ka sauko da launin nan cikin ruwa, ka ɗan ƙara masa duhu, kana ƙara ruwan ƙasa yayin da kake matsowa kusa. Gaɓar can tsallake ta miƙe sambal. In ta karkace ko kaɗan, tafkin zai zama kamar zai zube. Hoton dutse ko bishiya a cikin ruwa daidai ƙarƙashinsa yake faɗawa, ba ya kaucewa gefe. Ja shi ƙasa da jiƙaƙƙen buroshi, sannan ka yanka shi a kwance da 'yan siraran layuka inda iska ta taɓa ruwan. Inda rana ke ƙyalli kuwa, bar farar takarda, babu fentin da ya kai ta haske.

Ni na fi son hunturu, lokacin da hazo ke mayar da duwatsun nesa toka-toka. Sai dai fenti na bushewa nan take, har ya bar maka shaci a tsakiyar sama. Ka jiƙa takardar tukuna, ka dama launi mai yawa, ka shafa ba tsayawa. Kwale-kwale shi ne na ƙarshe, da ƙaramin buroshi, bayan komai ya bushe. Ka saka zanen tsakanin kwali biyu kafin ka hau mota, saboda ƙurar hanya.