Kurakuran da Ke Hana Kiton Fitowa a Ɗakin Gwaji

Aikin katalis shi ne ya tura haɗuwar sinadarai, ya koma kamanninsa na farko, ya sake turawa. Duk lokacin da kiton, wato sinadari mai rukunin C=O a tsakanin kabon biyu, ya ƙi fitowa, ka bi diddigi: sau da yawa katalis ɗin ne bai samu hanyar komawa ba.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya yana cikin hanyar Friedel da Crafts, wadda suka gano a 1877, inda ake haɗa zoben benzin da asil kulorayid ko anhaidirayid a samu kiton. Ɗalibi ya ji ana kiran AlCl3 (aluminiyom kulorayid) katalis, sai ya barbaɗa ɗan kaɗan, aiki ya fara, ya tsaya cak. Dalili kuwa, oksijin ɗin kiton da ya fito yana damƙe AlCl3, ba ya saki sai an zuba ruwa a ƙarshe. Don haka a ba kowane mol ɗaya na asil kulorayid mol 1.1 na AlCl3 ko fiye da haka kaɗan. Idan anhaidirayid ne a madadin asil kulorayid, AlCl3 ɗin ya haura mol 2. Kayan gilashi su bushe ƙarau. Kwalbar AlCl3 da aka bari a buɗe har garin ya dunƙule ya yi ɓawo, danshi ya riga ya cinye ta, a nemi sabuwa. Kada kuma a ɓata lokaci da naitirobenzin, zobensa ba ya amsawa, ko anilin, wanda naitirojin ɗinsa ke kame katalis ɗin.

A hanyar Wacker da Tsuji matsalar iska ce. Faladiyom yana juya alkin mai haɗi biyu a ƙarshen sarƙa zuwa metil kiton, shi kuma ya sauka daga Pd(II) zuwa Pd(0). Gishirin jan ƙarfe ke ɗaga shi ya koma Pd(II), oksijin kuma ya ɗaga jan ƙarfen. Idan balan-balan ɗin oksijin ya sace, ko motsawar ta yi sanyi, za ka ga baƙin gari kamar kunkunniya ya lafe a jikin tulun gilashi. Faladiyom ɗinka ke nan ya kwanta. Maganinsa haƙuri: a motsa PdCl2 da CuCl, wato gishirin faladiyom da na jan ƙarfe, cikin DMF (ruwan narkar da sinadarai) da ruwa ƙarƙashin oksijin kamar awa ɗaya, har ruwan ya koma kore, sannan a riƙa ɗiga alkin ɗin sannu a hankali. Kuma mai jiran aldihayid a nan ya yi ɓatan kai. Oksijin kan kabon na biyu yake zama, shi ya sa 1-desin ke ba da 2-dekanon.

Alkohol ma, idan za a juya shi zuwa kiton, sai an duba irinsa. Mai daraja ta biyu, wanda kabon ɗinsa mai OH ke haɗe da wasu kabon biyu, shi ne ke zama kiton. Na farko aldihayid ko asid yake bayarwa, na uku ba ya motsi. Katalis ɗin TEMPO ya fi son na farko, saboda haka idan duka biyun suna jikin sinadari guda, shi zai fara taɓawa. Katalis ɗin TPAP da NMO, sinadarin da ke farfaɗo da shi, kuwa ruwa suke haifarwa, a sa musu matatar ƙwayoyi (abu mai ƙananan ramuka da ke shanye ruwa) mai 4 Å ta tsotse shi. A hanyar Oppenauer, inda asiton ke karɓe haidirojin daga alkohol, haɗuwar tana iya komawa baya, sai an cika asiton da yawa.

Kafin a yi murna, a duba IR, wato gwajin hasken infrared da ke nuna irin haɗin da ke jikin sinadari. Kiton na sarƙa yana nuna alama mai ƙarfi wajen 1715 cm⁻¹, wanda ke manne da zoben benzin kuma wajen 1685. Idan faffaɗan tudun OH na wajen 3300 yana nan, kuma samfurin a bushe yake, da sauran alkohol a ciki.